Ranar da Sarki Ya Taka Gona Ba Takalmi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa da kogi ya ratsa ta tsakiya, ya bar mata fadama hagu da dama, mai faɗin da in mutum ya tsaya a wannan baki ba ya hango wancan. Mutanen ƙasar sau biyu suke girbi a shekara. Da damina su shuka shinkafa, ruwa ya kwanta a gonaki kamar an shimfiɗa madubi, gajimare ya riƙa wucewa a cikinsa. In sanyi ya fara shigowa su yanke ta, su shuka alkama a gurbinta, su yi ta ba ta ruwa da jigo har ta nuna. Saboda haka ba a san yunwa a garin ba. Baƙo in ya sauka da tuwon shinkafa ake tararsa, in zai tafi a ƙulle masa alkaki.

Shi wannan sarki ba azzalumi ba ne. Abin da Allah ya jarrabe shi da shi son tsabta ne da tsari. Ba ya son ganin tsinke a tsakar gida, ba ya son rawani a karkace. Yana da wani bene mai tsawo a bayan fada, inda yakan hau da safe ya dubi fadama, kuma ba abin da ke ɓata masa rai kamar ganin gonaki bayan an yanke shinkafa, ga kututturen kara a tsaye, ga tattaka a warwatse inda aka yi sussuka. Sai ya kafa doka: duk wanda ya kwashe shinkafarsa, cikin kwana bakwai ya sa wa karan wuta, ya bi gonar da garmar shanu sau uku, har ƙasa ta yi laushi kamar gari, sannan ya shuka alkama. Wanda ya ƙi, a karɓe gonar a ba wani.

Manoma ba su yi gardama ba, don tsakanin yankan shinkafa da shukar alkama kwanaki kaɗan ne, wuta kuwa ta fi kowane lauje sauri. To, in lokacin ya zo sai hayaƙi ya tashi daga kowace kusurwa, ya haɗu a sama, ya sauko ya zauna a kan gari. Rana takan koma kamar tasar tagulla, mutum ya kalle ta ido da ido ba ta kashe masa gani. Shirwa ta yi ta shawagi a kan wutar tana cafke farar da ke gudu. Kwale-kwale ya ɓullo daga cikin shuɗin hayaƙi kamar ba a kan ruwa yake ba, ya sake ɓacewa. Sarki kuwa in hayaƙin ya washe ya ga fadama ta kwanta sumul, layi bayan layi, sai ya ce, "Yanzu ƙasa ta yi kama da ƙasar da ke da mai ita."

Aka yi shekaru a haka. Sannu a hankali rumbun da ke cika har wuya ya koma tsayawa a ƙirji, daga baya a cibiya. Ruwan da aka zuba wa alkama ko dai ya tsaya a sama ya ƙi shiga, ko ya gudu da ƙasa ya koma kogi, har kogin ya yi ja kamar kunun kanwa, masunta suka fara dawowa da komarsu ba kifi. Tsofaffi da jarirai kuma suka riƙa tari duk lokacin ƙuna. Sarki ya ce wataƙila huɗar ce ba ta isa ba, ya ƙara ta huɗu. Abin bai gyaru ba.

Wata safiya yana kan bene tare da wazirinsa, wani dattijo mai suna Makau, sai ya hango wani ɗan fili rawaya a can gefen gandunsa, shi kaɗai tsakanin baƙin toka da jan huɗa, kamar faci a jikin sabuwar riga.

Ya ce, "Waziri, mene ne wancan?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gonar wata tsohuwa ce, Kuluwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun riga ta, ita ke noma abin da za ta ci. Ba ta taɓa sa wa gonarta wuta ba, garma kuma ba ta taɓa shiga ba. Dogarai sukan kau da kai saboda tsufanta."

"Shekara nawa ana kau da kai?"

"Tun da aka kafa dokar, ranka ya daɗe. Kuma ni a ganina daga nan ɓeraye da irin ciyawa suke shiga gandunka. Gona ɗaya mai ƙazanta ta isa ta lalata dubu."

Sarki ya ce, "Gobe a ƙone ta, a ba wani. Ni da kaina zan je, don kada a ce an karɓe abin tsohuwa a bayan idona."

Kashegari da hantsi suka fita, sarki a kan doki, mai lema na biye da shi, waziri a gefe, dogarai biyu a baya ɗauke da kaskon garwashi. Sauran hayaƙin jiya bai gama tashi ba, yana kwance a kan gonaki iya gwiwar doki, har sarki ya riƙa jin kamar a kan gajimare yake tafiya. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ƙwaro. Sai da suka kusa gonar tsohuwar suka ji kukan kurciya.

Suka tarar da ita a sunkuye, 'yar ƙaramar mace mai furfura fat. Tana buɗa tattaka da ƙafa, ta sara ƙasa da sungumi sau ɗaya, ta jefa ƙwayar alkama, ta mayar da tattakar ta rufe. Da ta ga inuwar lema ta faɗo kusa da ita sai ta miƙe a hankali, ta durƙusa ta yi gaisuwa. Ta dubi kaskon garwashi, ta dubi sarki.

Ta ce, "Ya sarki, barka da zuwa. Ashe ka girma haka. Ni ina cikin waɗanda suka daka shinkafar sunanka, ga shi ba ka taɓa aiko mini ko ɗan goro ba, sai yau ka zo mini da wuta."

Sarki ya danne murmushi. Ya ce, "Iya, kin san doka?"

"Na san ta. Ai da hayaƙi take zuwa, ba mai iya cewa bai ji ta ba."

"To, me ya hana ki huɗa?"

"Ana yi mini, ya sarki."

"Su wa? An ce ba ki da kowa."

Ta ce, "Ina da ma'aikata da ba su da hannu, ba su da ido, ba sa hutun Juma'a, kuma ba su taɓa kai ƙarata ba."

"Da me kike ciyar da su?"

"Abin da kake ƙonawa."

Sarki ya juya ya dubi waziri, waziri ya sunkuyar da kai yana gyara linzami. Sarki ya ce, "Ban ga jigo a bakin gonarki ba. Wa ke ba ki ruwa?"

"Maƙwabci yakan sako mini sau ɗaya a mako. Naka gandun kwana uku ba ya iya yi bai sha ba. Tawa in ta sha, ruwan yakan kwana, ya wuni, ya yi zamansa, don ya sami inda zai fake."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, rana na yi. Tsohuwa ba ta rasa magana."

Kuluwa ta ce, "Gaskiyarka, Waziri, ita kaɗai ta rage mini ban da gonar nan. Ya sarki, ba na jayayya da hukuncinka. In ka karɓe ta, zan koma bin masussukar mutane ina tsintar abin da ya zube, ba ni ce farau ba. Amma akwai al'ada ta zamanin kakanka: ba a raba mutum da gonarsa daga kan doki. Mai hukunci yakan sauka, ya cire takalmi, ya taka gonar da ta kawo ƙara, ya taka wadda aka yi ƙara, sannan ya yi magana. Waziri ya sani, yana saurayi aka daina."

Sarki ya ce, "Haka ne, Waziri?"

Waziri ya ce, "An yi haka, Allah ya ba ka nasara. Tsohon abu ne."

Sarki mutum ne mai son a bi komai bisa tsarinsa, don haka bai yi musu ba. Ya sauka, aka zare masa takalma. Ya nufi gandunsa, mai lema ya bi shi, sai tsohuwa ta ce, "Ita gonar ba a riƙe mata lema." Sarki ya ɗaga hannu, mai lema ya tsaya.

Rana ta kusa tsaka. Sarki ya sa ƙafa a kan ƙasarsa, kuma wannan ne karo na farko da fatarsa ta taɓa ta tun da ya gaji sarauta. Saman ƙasar ya yi ɓawo, ya farfashe a ƙarƙashin tafinsa kamar tsohon kasko, zafi ya huda shi har ƙwaƙwalwa. Ya daure, don idon dogarai na kansa. Ya ɗaga ƙafar dama, ya ajiye, ya ɗaga ta hagu.

Kuluwa ta ce, "A'a, ya sarki, ban ji an buga kalangu ba."

Dogari ɗaya ya toshe baki da hannun riga. Sarki ya fito da sauri, ya tsallaka iyaka ya faɗa gonar tsohuwa. Tattaka ta lotsa a ƙarƙashinsa. Ya tura yatsun ƙafarsa ciki, sai ya ji sanyi, irin sanyin gindin randa. Ya tsuguna ya yaye tattakar da hannu. Ƙasar baƙa ce, mai danshi, duk ta yi ƙananan ƙofofi, ga tana, tsutsar ƙasa, tana janye jikinta cikin rami ba gaggawa. Wani ƙamshi ya taso, irin na ranar da aka yi ruwan farko.

Sarki ya zauna. Ya ce zai ɗan huta ƙafarsa ta huce. Ya jingina da wani tarin tattaka a inuwar giginya, kurciya na ta kuka, iska na kaɗa ganye a sama. Bai san lokacin da barci ya ɗauke shi ba.

A cikin barcin ya ga ya ƙanƙance har ya koma kamar cinnaka. Ya bi ɗaya daga ƙofofin nan ya gangara, sai ga shi a cikin wani birni ƙarƙashin ƙasa, mai lunguna da zauruka ba iyaka. Rufin birnin zinariya ne, haske na tsiyayowa ta cikinsa a hankali. Tana na haƙa hanyoyi, gara na jan guntun kara zuwa cikin ɗakuna, waɗansu fararen zaruruwa sun bi bango sun ɗaure shi kamar yadda ake ɗaure tankar ɗaki. Ruwa na tafiya cikin lunguna kamar baƙon da ya san gari, yana shiga gida gida, ana ba shi wurin zama. Saiwar alkama ta sauko daga sama, fara sol, kowa na matsa mata hanya. Ba wanda ya gaishe da sarki, ba wanda ya san shi, kowa na kan aikinsa. Shi kuwa bai ji haushi ba.

Ya yi ta tafiya har ya iso wata iyaka, ya tsallaka. Nan ma birni ne, amma rufinsa ya ƙone, zaurukansa sun rufta, toka ta cika lunguna. Ba kowa. A ƙasa an yi wani daɓe mai tauri inda bakin garma ya saba tsayawa shekara da shekaru, saiwa ta sauko ta buga shi ta lanƙwashe. Ruwa ya zo ƙofa ya yi sallama, ba wanda ya amsa, ya juya ya tafi, ya ɗebi abin da ya samu a bakin hanya. Sarki ya ɗaga murya ya ce, "Garin wane ne wannan?" Muryarsa ta dawo masa ita kaɗai.

Ya farka. Inuwar giginya ta ɗan matsa gabas. Waziri na tsaye, dogarai na hura garwashi kada ya mutu, tsohuwa kuma ta koma shukarta. Sarki ya kira su ya ba su labarin abin da ya gani.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mafarkin rana ne, kuma bayan an sha zafi. Alƙali ba ya karɓar mafarki a matsayin shaida."

Kuluwa ta ce, "Yau Waziri sau biyu yana faɗin gaskiya. A kawo shaidun da za su yi magana a farke."

Ta ɗauko ƙwarya biyu, ta cika su da ruwan tulunta. Ta ce wa waziri ya ɗebo curin ƙasa daga gandun sarki da hannunsa, wanda ya ga ya fi ƙwari, ita kuma ta ɗauko busasshe ɗaya daga gefen tata gonar. Aka saka kowanne cikin ƙwaryarsa. Curin gandu ya yi 'yar ƙara, ya fara zubewa ta gefe, kafin a ce haka ya narke, ruwan ya yi ja, ba a ganin gindin ƙwarya. Na tsohuwa ya fitar da 'yan kumfa, ya jiƙe, ya zauna daram, ruwan na nan garau har sarki na ganin rawaninsa a ciki.

Ta nuna jar ƙwaryar ta ce, "Ga koginka, ya sarki. Gonarka ce take tafiya a cikinsa, kaɗan kaɗan, kana kallo daga bene."

Sarki ya daɗe yana duban ƙwaryoyin. Waziri ya ce, "To, ɓeraye fa? Da ciyawa?"

Ta ce, "Akwai su, ba zan yi wa sarki ƙarya ba. Ɓera yana son tattaka, sai na haɗa da tarko. Ciyawa kuma da hannu nake cirewa har bayana ya ƙage. In tattakar ta yi kauri da yawa alkama ba ta iya hudo ta, sai na rage na ba akuyar maƙwabta. Hanyar nan ba ta raggo ba ce. Amma ka zo ranar girbi ka ɗaga damin gonata, ka ɗaga na gandu."

Sarki ya miƙe tsaye. Ya ce, "Waziri, a yi shela yau. Daga yanzu duk wanda ya sa wa gonarsa wuta, ko ya shigar da garma, a karɓe ta."

Tsohuwa ta girgiza kai. Ta ce, "Haba, ya sarki. Ka ƙone manoma da doka, yanzu kuma za ka binne su da doka? Ƙasar da aka wahalar ba ta warkewa a shekara guda. Wanda ya bar huɗa bana, wataƙila baɗi abin da zai samu ya ragu kafin ya ƙaru, kuma yana da bakunan da zai ciyar. Kai ke da rumbun da zai iya jira. Ka fara da gandunka. Manomi ba ya jin shela kamar yadda yake jin gonar maƙwabcinsa."

Sarki ya sunkuyar da kai. Aka ce tun da ya hau gado ba a taɓa ganin ya yi haka a gaban talaka ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Iya, na zo in raba ki da gona, ga shi ke kaɗai ce kika riƙe mini ƙasa. Gonarki taki ce, ba mai taɓa ta. Dokar ƙuna na janye ta, kowa ya yi abin da ya ga zai fisshe shi. Gandu kuwa, daga girbi mai zuwa ba wuta ba garma, in kin yarda ki zo ki nuna wa mutanena yadda ake yi."

Ta ce, "Zan zo, in za a aiko jaki. Ƙafafun nan sun riga kakanka gajiya."

Dogarai suka ɗaga kasko za su juye garwashin a rami, sai ta ce, "Ku dakata, 'ya'yan nan. Tun safe nake tsaye da sarki, murhuna ya mutu. Ku sam mini biyu in ɗora tukunya."

Sarki da kansa ya karɓi kaskon ya bi ta har bakin bukkarta, ƙafarsa ba takalmi, waziri na biye da su yana riƙe da linzamin dawaki biyu.

An ce gandun ya yi shekara biyu yana ba sarki kunya, a ta uku ya fara farfaɗowa, maƙwabta suka riƙa leƙowa ta kan iyaka, wasu suka bi, wasu suka tsaya kan abin da suka saba. Shi kuwa sarki, duk lokacin da aka kawo masa shari'a tsakanin mai ƙarfi da wanda ke yi masa wahala, yakan ce, "Adalci shi ne, wanda ka ci hatsinsa ka bar masa karansa."

Ƙurunƙus kan kusu. Tatsuniya ta koma inda ta fito, mu ma kowa ya kama gabansa.